Komawa Gida: Ko Ƙasar Haihuwa Tana Warkar da Zuciya?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar mota a Legas, ko Fatakwal, ko Abuja a makon Kirsimeti ya san irin ƙarfin da kalmar nan "gida" take da shi. Kuɗin mota yakan ninka, hanya takan cushe, amma ba mai fasa tafiya. Ga buhun shinkafa a kan mota, ga atamfar tsohuwa a cikin jaka, kowa ya nufi Langtang, ko Zonkwa, ko Biliri, ko Numan, ko Garkida, ko Zuru. Iyayenmu sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, mu kuwa ba ma so gida ya bar mu.

Amma cikin matafiyan nan akwai waɗanda ba biki ne yake kai su ba. Akwai magidancin da aka sallama daga aiki, da matar da aurenta ya mutu, da saurayin da birni ya tauna ya tofar. Irin waɗannan ne dangi sukan ce wa, "Dawo gida ka huta, iskar gida ma magani ce." Tambayar da nake so mu yi nazari a kanta ke nan: ko wannan magana gaskiya ce? Ko akwai wani abu a cikin ƙasar da aka binne cibiyar mutum wanda yake iya warkar da karyayyar zuciya?

Kada mai karatu ya ɗauki tambayar da wasa. In har ƙasar haihuwa ce maganin, to, 'yan'uwanmu da aka ƙone garuruwansu, waɗanda ba su da halin komawa, an bar su ke nan ba magani. In kuwa ƙasar ba kome ba ce, me ya sa kewarta take hana tsofaffi barci, me kuma ya sa Littafi Mai Tsarki ya cika da maganar ƙasa, da gādo, da komowa daga bauta?

Masu shirya finafinai masu zaman kansu

A zamaninmu, cikin waɗanda suka fi tsayawa a kan wannan tambaya akwai masu shirya finafinai masu zaman kansu, wato waɗanda ba manyan kamfanoni ne suke ɗaukar nauyinsu ba. Kuɗinsu kaɗan ne, sau da yawa 'yan wasansu mutanen gari ne da ba su taɓa tsayawa gaban kyamara ba. Amma rashin kuɗin ya ba su wani 'yanci. Babban kamfani yana bukatar ya mai da kuɗinsa da riba, saboda haka yakan so labari ya ƙare da dariya da rungumar juna. Wanda bai ci bashin kowa ba yana iya barin labari ya tafi a hankali, ya ƙare yadda rayuwa takan ƙare.

Wani zai ce, me ya haɗa mai bi da darasi daga fim? Manzo Bulus, da ya tsaya a gaban mutanen Atina, ya kawo maganar mawaƙansu domin ya kai su ga gaskiya (Ayyukan Manzanni 17:28), ya kuma umarci Tasalonikawa su gwada kowane abu su riƙe mai kyau. Da wannan ma'auni za mu duba finafinai huɗu daga ƙasashe huɗu, mu aza abin da suka gani kusa da abin da Maganar Allah ta koya.

Gidan da ka bari bai tsaya yana jiranka ba

Na farko fim ne na Amurka mai suna The Trip to Bountiful, wanda ya fito a 1985, Horton Foote ne ya rubuta labarinsa. Wata dattijuwa ce, Carrie Watts, take zaune a ƙuntataccen gidan haya a birnin Houston tare da ɗanta da matar ɗan. Zaman ba daɗi. Tsohuwa tana son rera waƙoƙin sujada, surukarta kuwa ba ta son ji. Burinta ɗaya ne, ta sake ganin ƙauyensu kafin ta mutu, ƙauyen da ake kira Bountiful, wato Yalwa, wanda rabonta da shi shekara 20. Wata rana ta ɓoye takardar kuɗin fanshonta ta sulale. A tashar jirgin ƙasa aka ce mata jirgi ya daina zuwa can. Ta shiga bas zuwa gari mafi kusa, can ta ji labari cewa ƙawarta ta ƙuruciya, wadda ita kaɗai ta rage a ƙauyen, ta rasu. Shugaban 'yan sandan yankin, wanda aka sa ya tsare ta har ɗanta ya zo, shi ne ya ji tausayinta ya kai ta. Abin da ta tarar kufai ne: gidan mahaifinta ya zama kango, gonaki sun koma daji. Ta zauna a bakin ƙofa ta saurari kukan tsuntsaye. Da ɗanta ya iso, suka yi maganar da suka daɗe ba su yi ba, har ya yarda cewa shi ma yana tuna gidan, ya dai riƙa nuna kamar ya manta ne domin tunawar tana yi masa ciwo. Daga nan ta shiga mota ta koma birni. Geraldine Page, wadda ta fito a matsayin tsohuwar, ta sami lambar yabo ta Oscar saboda wannan wasa.

Abin lura shi ne, Yalwar da tsohuwar nan take kewa ba ta kan taswira, tana cikin shekarun da suka wuce. Mahaifinta take nema, da ƙuruciyarta, da lokacin da ƙarfinta yake cikakke. Mota tana iya kai mutum wuri, amma ba motar da take kai mutum jiya. Haka ya faru da Yahudawan da suka komo daga Babila. Ranar da aka kafa harsashin sabon Haikali, matasa suka yi sowa, amma tsofaffin da suka ga Haikali na fari suka fashe da kuka, har ba a iya rarrabe sowar da kukan ba (Ezra 3:12-13). Ƙasar ɗaya ce, dutsen ɗaya ne, amma abin da suka bari ba ya nan.

Duk da haka tafiyar tsohuwar ba ta zama banza ba. Ta ga da idonta cewa abin ya ƙare, ta yi makokinsa, ta sami ƙarfin komawa ta zauna da masu rai. Wannan ne amfani na farko da komawa gida take yi wa mai rauni: takan kashe gidan ƙarya da mutum ya gina a zuciyarsa, wanda yake hana shi zama lafiya a inda Allah ya ajiye shi.

Mai komawa ma ba shi ne wanda ya tafi ba

Fim na biyu, Heremakono, ma'ana jiran farin ciki, Abderrahmane Sissako na Muritaniya ne ya shirya shi a 2002, ya kuma ci babbar kyautar bikin finafinan Afirka na FESPACO a Wagadugu a 2003. Wani matashi mai suna Abdallah ya zo wurin mahaifiyarsa a Nuwadibu, garin bakin teku, kafin ya wuce Turai. Ya daɗe ba ya gida, har harshen Hassaniya da mutanen garin suke yi ya ɓace masa. Tufafinsa na Turawa ne. Yakan wuni a ɗaki yana kallon ƙafafun masu wucewa ta wata 'yar taga da take daf da ƙasa. Wani ƙaramin yaro, almajirin tsohon mai gyaran wutar lantarki, shi ne yake koya masa kalmomi ɗaiɗai, in ya gwada faɗarsu a gaban 'yan mata sai su yi masa dariya. Ba wanda ya kore shi, ba wanda ya zage shi, amma baƙo ne a ɗakin uwarsa.

Wannan hoto ba baƙo ba ne a gare mu. Yara nawa ne aka haifa a barikin soja, ko a unguwannin Legas da Kaduna, waɗanda in an kai su ƙauye ba sa iya gaida kakarsu da Tarok, ko Jju, ko Tangale, ko Bura? Kaka tana murmushi, jika yana murmushi, amma albarkar da take sa masa sai an fassara. Laifin ba na yaron ba ne. Mu iyaye ne muke ce wa 'ya'yanmu can ne gida, alhali ba mu ba su mabuɗin shiga ba.

Na'omi ta san wannan baƙunci ta wata fuskar. Ta bar Baitalami da miji da 'ya'ya maza biyu saboda yunwa, bayan wajen shekara 10 a Mowab ta komo ba ko ɗaya. Matan garin suka riƙa tambayar juna ko ita ce kuwa, ita ma ta ƙi sunanta, ta ce a kira ta Mara, wato mai ɗaci (Rut 1:19-21). Ganin Baitalami bai share mata hawaye ba, sai ma ya tuna mata da yadda ta fita. In mun bi labarin a hankali za mu ga ta inda warkarwa ta shigo. Ta shigo ta hannun Rut, wadda ba 'yar ƙasar ba ce ma. Ta shigo ta dokar kala, wadda ta hana mai gona ya kwashe amfaninsa ƙaf, domin gwauruwa da baƙo su sami abin tsinta. Ta shigo ta Bo'aza, wanda ya ɗauki hakkin dangi da gaske, da maƙwabta mata da suka taya ta murna ranar da aka aza mata jariri a cinya. Da Baitalami gari ne da ba a kiyaye dokar Allah, da ba mai tsoron Allah irin Bo'aza a cikinsa, da Na'omi ta mutu da sunan Mara a garin haihuwarta.

Inda aka ji ciwon

Fim na uku shi ne ya fi kusa da zuciyar wannan tambaya. Sunansa Munyurangabo, ya fito a 2007. Wanda ya shirya shi, Lee Isaac Chung, ɗan 'yan ci-rani ne daga Koriya da ya tashi a gona a jihar Arkansas ta Amurka. Ya je Ruwanda a 2006 tare da matarsa, wadda take aikin sa kai da ƙungiyar Kirista ta Youth With A Mission, ya koya wa matasa aikin fim, sa'an nan suka ɗauki wannan labari cikin kwana 11, da harshen Kinyarwanda, da 'yan wasan da ba sana'arsu ba ce. An nuna shi a bikin finafinai na Cannes a Faransa a shekarar da ya fito.

Labarin abokai biyu ne da suke neman abinci a kasuwar Kigali, shekaru bayan kisan ƙare dangi na 1994, wanda ya ci rayukan mutane wajen 800,000 cikin kwana 100. Ngabo Batutse ne, an kashe mahaifinsa a lokacin. Sangwa kuwa Bahutu ne. Ngabo ya saci adda a kasuwa ya ɓoye a jaka, suka kama hanya zuwa wurin mutumin da ya kashe uban. A kan hanya suka ratse ƙauyen su Sangwa, wanda ya gudu daga gida shekara 3 da suka wuce, da niyyar su ɗan huta su wuce.

Da farko sai ka ce misalin ɗan nan da ya ɓace ne ake maimaitawa. Uwa ta rungume ɗanta ta ba shi abinci. Uba ya yi faɗa, daga baya ya sauko. Sangwa ya ɗauki fartanya ya bi iyayensa gona, ya kwaɓa laka ya gyara bangon ɗaki, har uban ya fara yaba masa. Mai kallo yana ganin yadda jar ƙasar nan da aikin hannu suke mai da yaron cikin hankalinsa. Amma a gidan nan da yake warkar da Sangwa, Ngabo yana zaune a gefe yana kallon abin da aka raba shi da shi: uwa, da uba, da gona. Uban Sangwa kuma bai ɓoye ƙiyayyarsa ba, ya gaya wa ɗansa cewa Bahutu da Batutse abokan gāba ne. Ranar da ya gano abin da ya fito da yaran, ya yi wa ɗansa dūka ya kore shi. Gidan da ya buɗe ƙofa da ƙauna, shi ne kuma ma'ajiyar tsohuwar gāba.

Ngabo ya ci gaba shi kaɗai har ya isa. Ya tarar da wanda ya kashe mahaifinsa kwance a ɗaki, cutar ƙanjamau ta cinye shi, ba shi da ƙarfin tashi. Mutumin ya roƙe shi ruwan sha. Ga adda a hannu, ga maƙiyi ba mai kāre shi. Abin da aka nuna mana bayan haka shi ne Ngabo da jarka, ya tafi ɗebo ruwa.

Fim ɗin bai yi wa'azi ba, amma duk wanda ya san Littafi zai tuna da umarnin da ke cikin Karin Magana 25:21, wanda Bulus ya maimaita a Romawa 12:20, cewa a ciyar da maƙiyi in yana jin yunwa, a shayar da shi in yana jin ƙishi. A nan ne amsar tambayarmu ta fara bayyana. Ƙasa ba ta warkar da Ngabo ba, don tuddan nan masu kyau su ne aka zubar da jinin mahaifinsa a kansu. Abin da komawa ta yi masa shi ne ta tsayar da shi ido da ido da mutumin da ya daɗe yana kashewa a zuciyarsa, ta tilasta masa ya zaɓa. A Kigali yana iya riƙe ƙiyayya har tsufa, don maƙiyin suna ne kawai. A bakin ƙofar ɗakin nan maƙiyin ya zama mutum mai jin ƙishi.

Haka Allah ya yi da Yakubu. Bayan shekara 20 a gidan Laban, Ubangiji ya umarce shi ya koma ƙasar kakanninsa (Farawa 31:3). Amma hanyar ƙasar ta bi ta kan Isuwa, wan da ya yaudara, wanda yake tahowa da mutum 400. Yakubu ya aika da kyautai garke garke, ya raba iyalinsa, duk dabararsa ta ƙare, ya kwana shi kaɗai a mashigin Yabbok yana kokawa har wayewar gari. Sai bayan an tambaye shi sunansa ya faɗa, sunan da yake ɗauke da tarihin yaudararsa, sa'an nan aka sa masa sabon suna. Da safe Isuwa ya sheƙo a guje ya rungume shi. Yakubu ya shiga ƙasar alkawari yana ɗingishi. Warkarwar da Allah yake bayarwa sau da yawa takan bar tabo, amma tabo ba miki ba ne.

Saboda haka wanda ya koma gida yana zaton iska da tuwon gida za su isa, alhali yana kauce wa ƙofar ɗan'uwan da suka yi rigimar gona, ko kishiyar uwar da ta ƙuntata masa, ko wanda shi da kansa ya cuta, zai koma birni da ciwonsa yadda ya zo da shi. Ɗan da ya ɓace ma tun yana can wurin aladu ya dawo cikin hankalinsa, ya shirya kalmomin tubansa, kuma wurin mahaifinsa ya ce zai tafi (Luka 15:17-20). Yesu bai bayyana mana fasalin gidan ko girman gonar ba. Uban da ya hango ɗansa daga nesa ya nuna mana.

To, ƙasar ba kome ba ce ke nan?

A nan wani mai ruhaniya zai yi saurin cewa, ai shi ke nan, wuri ba shi da muhimmanci, mu baƙi ne a duniya, gidanmu yana sama. Fim na huɗu yana ja mana kunne a kan wannan gaggawa. Lemohang Jeremiah Mosese na ƙasar Lesoto ne ya shirya shi a 2019, sunansa This Is Not a Burial, It's a Resurrection, wato wannan ba jana'iza ba ce, tashin matattu ne. Mantoa, gwauruwa mai shekara 80, tana jiran ɗanta ya komo hutun Kirsimeti daga ramin haƙar ma'adinai a Afirka ta Kudu, sai labarin mutuwarsa ya zo. Shi ne na ƙarshe da ya rage mata. Ba ta da sauran buri sai a binne ta kusa da nata. Tana cikin shirin kabarinta sai ta ji cewa za a gina madatsar ruwa, a ta da ƙauyen, ruwa ya rufe makabartar. Tsohuwar da take neman mutuwa sai ta miƙe ta zama muryar garin. Mary Twala, wadda ta yi wasan, ta rasu a 2020.

Mu ma mun san irin wannan a ƙasarmu. Tsohon garin Bussa yana ƙarƙashin tafkin Kainji tun da aka gama madatsar a 1968, aka mai da mutanensa sabon gari. Gbagyi da yawa sun bar gonaki da kaburburan iyayensu domin a gina Abuja. Wanda ya ce wa irin waɗannan mutane ƙasa ƙasa ce, ko'ina ɗaya ne, bai san Littafin da yake riƙe da shi ba. Nabot ya ƙi sayar wa sarki Ahab gonar inabin kakanninsa, ko da an yi masa tayin wadda ta fi ta, ya kuwa mutu a kan haka, Allah kuma ya aiko Iliya ya bi hakkin jininsa (1 Sarakuna 21). Yusufu, da dukan darajarsa a Masar, ya rantsar da 'yan'uwansa su tafi da ƙasusuwansa. Dokar shekara ta hamsin ta umarta kowa ya koma ga gādonsa da danginsa, domin kada talauci ya raba iyali da ƙasarsu har abada (Littafin Firistoci 25). Ubangijinmu kansa, da ya zama mutum, ya zama mutumin wani gari, har ana kiransa Banazare, almajiransa kuma ana gane su da karin harshen Galili.

Allah ya yi mu daga ƙurar ƙasa, tunaninmu kuma a jikin wurare yake rataye: gindin tsamiyar da aka yi mana tatsuniya, rafin da aka yi mana baftisma, majami'ar laka da iyayenmu suka gina da hannunsu. Kewar waɗannan ba rashin bangaskiya ba ce. Sai dai a cikin surar nan ta Firistoci da ta ba kowa gādonsa, Allah ya ce ƙasar tasa ce, Isra'ilawa baƙi ne masu zama a wurinsa (aya 23). Ƙasa kyauta ce da ta cancanci a ƙaunace ta, a kāre ta, a yi kuka in an rasa ta. Abin da ba ta cancanta ba shi ne a nemi ceto a wurinta.

Waɗanda hanya ta toshe musu

Wannan gaskiya ita ce ta'aziyyar waɗanda ba su iya komawa. A watan Agusta na 2014 Boko Haram ta kama Gwoza, a ƙarshen Oktoba ta shiga Mubi, ta kuma mamaye hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya da ke Kwarhi. Sojoji sun ƙwato garuruwan daga baya, mutane da yawa sun koma sun sake gini. Amma akwai waɗanda suka haye zuwa sansanin Minawao a Kamaru, wanda aka buɗe a 2013, suka yi shekara goma da ɗoriya a can, akwai kuma waɗanda suka watsu a Yola, da Jos, da kewayen Abuja. An haifi yara a waɗannan wurare da ba su taɓa ganin duwatsun da iyayensu suke ba su labari ba. Ko a cikin Kaduna bayan rikicin 2000, da Jos bayan na 2001, akwai mutanen da gidan da aka haife su yana nan tsaye, tafiyar minti ashirin, amma unguwar ta zama wadda ba su iya kwana a cikinta.

Ga irin waɗannan ne Irmiya ya rubuta wasiƙarsa. Wani annabi mai suna Hananiya ya yi ta shelar cewa cikin shekara 2 za a komo daga Babila, magana mai daɗin ji. Irmiya kuwa ya aika wa kamammun cewa shekara 70 ce, su gina gidaje, su dasa gonaki, su yi aure su aurar, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su, su yi masa addu'a (Irmiya 28 da 29). Alkawarin da muke yawan karantawa a ranar bikin gama makaranta, na shirin alheri da sa zuciya da Allah yake da shi domin mutanensa, ga mutanen da yawancinsu za su mutu a baƙuwar ƙasa aka fara faɗarsa. Allah bai ce musu su dakatar da rayuwa sai sun koma ba. Bai kuma ce su manta da Urushalima ba.

Akwai kuma waɗanda ba yaƙi ne ya raba su da gida ba, gidan ne kansa ya ji musu ciwo: yarinyar da wani na cikin gida ya lalata aka rufe maganar, gwauruwar da dangin miji suka kwashe kayanta, wanda aka kora saboda ya karɓi Almasihu. Kada mu matsa wa irin waɗannan da cewa sai sun koma kafin mu yarda sun gafarta. Gafara wajibi ce a kan mai bi, amma mai da kai hannun wanda bai tuba ba ba wajibi ba ne. Yesu ya aiki mutumin ƙasar Garasinawa gida wurin danginsa bayan ya warkar da shi (Markus 5:19), amma shi kansa, da mutanen Nazarat suka nemi jefa shi daga kan dutse, ya ratsa ta tsakiyarsu ya tafi, ya koma Kafarnahum da zama.

Hakkin waɗanda suka zauna

In warkarwa tana zuwa ta wurin mutane masu tsoron Allah da mai komawa ya tarar, to, nauyin yana kanmu da muke gida. Misalin ɗan da ya ɓace bai ƙare da biki ba, ya ƙare da wa yana tsaye a waje cikin fushi, uba yana lallashinsa. Yesu bai gaya mana ko ya shiga ba, ya bar mana mu amsa.

Yaya muke karɓar wanda ya komo hannu wofi? Mun iya tarbar mai mota da kujerar gaba a majami'a, amma wanda ya sauka daga bayan babbar mota da leda ɗaya, tambayar farko da yake sha ita ce, "Yaushe za ka koma?" Yaya muke karɓar matan da suka kuɓuto daga hannun 'yan ta'adda da goyo a baya? Wane suna yaranmu suke kiran 'ya'yansu da shi a filin wasa, a bakin wa kuma suka ji shi? Gonar wanda ya gudu da muka riƙa nomawa, mun mayar masa da ya komo? Zumuntar mata, da ƙungiyar matasa, da dattawan ikilisiya a kowane ƙauye suna da ikon su mai da garinsu Baitalamin da Na'omi ta sami Bo'aza, ko kuwa gidan da aka kori Sangwa. Ikilisiyoyin birni su ma, waɗanda 'yan gudun hijira suke zama a bencinsu na baya, su sani cewa ga waɗannan mutane su ne kaɗai gidan da ya rage.

Ƙaunatattu, masu finafinan nan sun ga rabin gaskiya da kyau, sun kuma faɗe ta ba tare da ƙawa ba: kufai ba ya magana, ƙasa ba ta gafarta zunubi, amma komawa takan kai mutum inda ba zai ƙara guje wa gaskiya ba. Sauran rabin Bishara ce take ba mu. Ibrahim ya zauna cikin alfarwa a ƙasar da aka yi masa alkawari, abin da ya mallaka a cikinta bai wuce filin kabari ba, domin yana sauraron birnin da Allah ne maginin sa (Ibraniyawa 11:9-10). Littafin kuma ya rufe da sabuwar sama da sabuwar ƙasa, inda Allah zai zauna tare da mutane ya share musu hawaye. Wanda zai tafi gida a wannan shekara, bari ya tafi da niyyar ƙwanƙwasa ƙofar da ya daɗe yana kaucewa. Wanda ba shi da halin tafiya, bari ya dasa itace a inda yake, ya koya wa 'ya'yansa harshen iyayensa. Mu da muke gida kuma, bari mu riƙa duban hanya.

Ubangiji ya ba mu alherin yin haka. Amin.